Gwaggo, Wadda Ta Zaɓe Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakinta na Wurma, kanta bisa cinyar matata, ni ina riƙe da ƙafafunta. Kafin azahar mun kai ta. Ƙanwar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce kuma ta ƙarshe da ta rage a ɗakinsu.

Ɗanta guda ɗaya tak, taubashina, bai samu jana'iza ba. Daga Kaduna ya taso, sai la'asar ya iso. Da saukarshi daga mota zaman makoki ya sake kama. Tabarmar da nake zaune a kai tun safe ta zama ta gefe, tashi ta zama ta tsakiya. Kwana uku motoci na shigowa daga Katsina, daga Dutsin-Ma, daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Kowa ya sauko wurinshi yake dosa, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ya haƙuri?" In zai tashi sai ya ɗan waiwayo ya ce mani, "Malam, sannunku."

A cikin gida mata na ta yabonta. Wata tsohuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta riƙa ɗaga murya har muna ji daga zaure. "Ita kaɗai fa! Ba miji, ba mataimaki, ta kai ɗa sakandare lokacin da masu uwa da uba ma ba su kai ba." Wani baƙo mai farar shadda ya ɗauki maganar ya maimaita a waje, jama'a suka ce haka ne, Allah ya jiƙanta. Kowane lokaci aka ce "ita kaɗai" sai in duba tafin hannuna.

Na haura sittin, ina da jikoki. Amma ba zan ɓoye ba, abin da ya tokare mani ƙirji a kwanakin nan ba raɗaɗin mutuwa ne kaɗai ba. Kishi ne, irin na yaro ɗan shekara goma sha huɗu, bai tsufa ba ko kaɗan. Ina rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don ita da bakinta ta ce in faɗi abin da zan faɗa.

Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya. Ba ta shan furar da wani ya dama. Takan yi hira da shanunta biyu kamar mutane, in ɗaya ta ƙi cin harawa ta tsaya ta tambaye ta wa ya ɓata mata rai. In tukunya ta fashe, ko kura ta ɗauke akuya, ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar shuka, magana ɗaya ce a bakinta: "Ai ba a mutu ba." Sunan kakana aka sa mani, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Babana". Ɗanta kuwa, da yake ɗan fari ne, ko sunanshi ba ta faɗi, ko kallonshi ba ta yi a gaban mutane. "Wancan" take ce mashi. Bayan ya shiga boko ya koma "ɗan makaranta", haka kuma ya tabbata har ya yi furfura.

Mijinta ya rasu yaron na shekara huɗu. Ya bar mata gona ɗaya babba, da shanun nan, da 'yan'uwa waɗanda suka yi kudu da garke, ba a ganin su sai shekara-shekara, in sun zo kuma gonar suke fara zagayawa kafin su gaishe ta. Maza sun nemi aurenta. Mahaifina ya yi faɗa, limami ya yi nasiha. Ta ce ta ji, amma in ta fita daga gidan nan yaron zai koma agola, gonar kuma ta tafi. Wani mahauci ya nace da aike, ta ce a gaya mashi ta gode, in ya sake turowa ita ma za ta turo mashi da shanun ya yi masu bayani.

A wancan zamani ba a rububin boko. In an ce dagaci ya kawo yara, gidan da ba namijin da zai je ya yi roƙo shi ake fara shiga. Haka aka rubuta taubashina. Ni kuma mu biyar ne maza a wurin mahaifina a Kurfi, aka ce ya ba da ɗaya, ya ba da ni, na uku. Taubashina ya dawo gidanmu da zama, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, muka gama elemantare tare, aka wuce da mu siniya firamare ta kwana a Dutsin-Ma.

A can ne bambancinmu ya fito. Ni in ruwa ya sauka ba ruwana, yayyena na gona. Shi kuwa da ya ji ƙamshin ƙasa hankalinshi ya bar aji. Sai a wayi gari ba ya nan, ya bi hanyar Wurma a ƙasa. Ya yi mako biyu yana noman fari, ya dawo hannu duk kanta, a yi mashi bulala, ya zauna yana kwafar abin da ya wuce daga littafina. Lokacin maimai ya sake gudu. Hedimasta ya taɓa tambayar shi a gabanmu ko bulalar ba ta shigar shi ne. Ya ce, "Tana shiga, Malam. Mahaifiyata ita kaɗai ce a gonar." Hedimasta ya aje bulalar.

Duk jarrabawa ni ne na ɗaya ko na biyu, shi yana can wajen na shida. Ban faɗi haka don alfahari ba. Shi ne kaɗai abin da na mallaka daga boko, ku bar ni in faɗa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba muka yi jarrabawar shiga sakandare ta Katsina. Da kaka sakamako ya zo, mu biyu duk mun ci. Mahaifiyata ta yi guɗa, ta sa aka ɗinka mani riga. Amma a Wurma ba a yi guɗa ba. Daga Dutsin-Ma yaro na iya gudowa ya yi noma ya koma. Daga Katsina ba hali, kuma shekara biyar ce. 'Yan'uwan mijin sun riga sun ce gonar da ba namiji a cikinta za su karɓa su riƙe wa maraya.

Ranar wata kasuwar Kurfi Gwaggo ta zo, suka shiga turakar mahaifina suka daɗe. Da ta tafi ya kira ni. Yana gyaran igiya, bai ɗago kai ba.

"Jibi za ka koma Wurma wurin gwaggonka. Kai za ka riƙe mata gona."

"Baba, makarantar fa?"

"Ɗan'uwanka zai tafi."

"Ni ma na ci, Baba. Na ma fi shi."

"Na sani. Shi maraya ne. Tashi."

Gurbi kaɗan ne, masu jira da yawa, cire sunana bai ba kowa wahala ba. Ni na ɗauki akwatin taubashina a kai zuwa tashar lori, don Gwaggo ba ta raka ɗan fari. A cikin akwatin har da rigar da aka ɗinka mani, mahaifina ya ce shi ta fi wa amfani.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta taɓa bari na da yunwa ba. In na dawo gona na tarar da ruwan wanka. Ranar da kunama ta harbe ni goya ni ta yi, ina ƙato, har gidan mai magani. Ita ta koya mani gane ƙasar da ke son gero da wadda ke son gyaɗa, da yadda ake ɗinkin rumbu. Amma duk abin da ya fi kyau a gidan nan na ɗan makaranta ne. Man shanun fari a tara mashi. Ƙuli-ƙulin da ya fi gasuwa a zuba a gwangwani a rufe. Zakaran da na yi wata shida ina kora daga shanya, ranar da ya sauka hutu ake yanka shi.

Ya kan sauko da farin wando da takalmi sandal, jikinshi na ƙamshin sabulu. Dattawa a ƙofar masallaci su matsa mashi wuri, su ce ya faɗa masu yadda ake cewa saniya da Turanci, ya faɗa su yi ta dariya. Ni ma na san kalmar. Ba wanda ya tambaye ni. 'Yan matan da ke tsokana ta a bakin rijiya duk shekara, in ya zo sai su manta hanyar da nake bi. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ba shi da girman kai. Washegarin zuwanshi zai tuɓe ya ɗauki hauya ya bi ni. Ya kawo mani tsofaffin littattafanshi, ya ce, "Taubashi, ka duba wannan lissafin, wallahi da kai ne da tuni ka gama." Da wulaƙanta ni ya yi da na samu sauƙi.

Sai kuma wasiƙu. Wani direban lori ke kawo su Kurfi ranar kasuwa, ni ke karɓowa, ni ke karanta mata, ni ke rubuta amsa. Takan zauna tana tsinke zogale kamar ba ta saurare. Ni kuwa ina karanta labarin ɗakin karatu mai littattafai har rufi, da wani gilashi da ake ganin ƙwayoyin da ke cikin ruwa, da malamin da ya ce zai yi nisa. Wata rana na gaji na tsallake rabi. Ta ce, "Babana, takarda ta cika ciki da baya, kai ka gama a numfashi uku? Koma."

A shekararshi ta uku, da damina, ya rubuto cewa an naɗa shi shugaban ɗakin kwanansu, kuma akwai babbar jarrabawa nan da mako biyu. A ranar na wuni cikin ruwa ina ɗaure wata katangar gona da ta ɓalle. Gwaggo ta ce in rubuta muna lafiya, gero ya yi kyau, ya dage. Na ɗauki alƙalami na rubuta: "Gwaggo na kwance, ba ta gane mutane. In kana son ka same ta da rai ka taho." Na liƙe na kai Kurfi da ƙafata. Ba kuskure ba ne. Na san dokar makarantar, na san wanda ya fita ba izini lokacin jarrabawa korar shi ake yi. So nake ya dawo mu zama ɗaya.

Kwana biyar bayan nan, da rana tsaka, muna bayan gida tana cire ciyawa a cikin kuɓewa, sai ga shi. Ba takalmi, wandon ya zama ja da laka, ya ratso rafi biyu a cike. Ya tsaya yana kallon ta yana haki. Sannan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

"Me ya kawo ka?" in ji ta.

Ya miƙa mata takardar, ya faɗi abin da ke ciki. Ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe ta ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya. Na jira ta kira maƙwabta, na jira a aika wa mahaifina.

"Ni na sa shi," ta ce. "Zazzaɓi na yi, na tsorata. Tashi ka wanke ƙafa. Ai ba a mutu ba."

Washegari ta ɗaura gyalenta na zuwa suna, ta sa shi gaba. Matar da ba ta taɓa shiga mota ba, sai ga ta a lori har Katsina. Shi ya ba ni labari daga baya, wai ta durƙusa a ƙofar ofishin shugaban makarantar tun hantsi, ta ce ba ta tashi sai an ji ta. Da aka ji ta ta ce laifin na tsohuwa ne mai tsoron mutuwa, in kora za a yi ita za a kora. Aka yi mashi horo, aka bar shi ya zauna jarrabawa.

Da ta dawo kwana uku ba ta ce mani komai ba. Ni na kasa haƙuri, na tare ta a turke.

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Ki faɗa mana! Ni bawanku ne da ko faɗa ban isa a yi mani ba?"

Ta ci gaba da zuba dusa. "Daga yau in ka rubuta ka karanta mani sau biyu," ta ce. Can kuma ta nuna 'yar karsanar da aka haifa a bara. "Waccan taka ce."

Na ɗauka tsabar kirki ne. Shekara arba'in da wani abu ina ba mutane labarin karsanar nan a matsayin shaidar kirkinta, kuma har yau ban janye ba.

Taubashina ya gama, ya wuce gaba, ya zama abin da ya zama. Ni na tsaya a Wurma. Gwaggo ta nemo mani mata, ta yanka mani rabin gidan, 'ya'yana a bayanta suka girma. Sau ɗaya ya ɗauke ta zuwa Kaduna, wata biyu ta dawo, ta ce gidan da ba turke ba ta san abin da za ta yi da safiya ba. Amma duk ranar Juma'a kunnenta na bakin hanya. In jikokinta na birni suka zo, waɗanda ko gaisuwa ba su iya da kyau ba, sai ta buɗe kwallar da nawa ba su taɓa ganin cikinta ba.

Mahaifina kuwa ban yafe mashi ba. Ban taɓa yi mashi rashin kunya ba. Ina gaishe shi, ina kai mashi dami da kaka. Amma ban sake zama na yi hira da shi ba. In ya ce, "Zauna mana," sai in ce shanu na jira na. Ranar da ya rasu na yi abin da ake yi, na juyo. Ban sake taka maƙabartar ba.

Saura mako guda ta cika, bayan la'asar, Gwaggo ta sa matata ta fita, ta ce in matso.

"Babana, kana zuwa wurin yayana?"

"Ina mashi addu'a."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan." Ta huta. "Ranar da na je Kurfi, babban wanku ya ce zai ba ni. Wanda ba ya karatu, mai son noma. Har ya ce a kira shi. Ni na ce a'a, mai sunan Baba nake so. Ya ce wannan ai ya ci jarrabawa. Na ce to in ba shi ba a bar mani nawa, shi ma ya zauna. Sannan ya ce maraya ba zai zauna ba."

Na ce, "Don me, Gwaggo?"

"Kullum aka kawo labari kai ne gaba. Na duba yayana, yana da rai, matarshi na da rai, maza biyar, ga kuma nashi ya fi nawa kai. Ni ɗaya gare ni. Na ce in suka tafi tare, nawa zai ƙare yana bin bayanka yadda na ƙare ina bin bayan yayana. Hassada ce, Babana, ba ta da wani suna. Ban roƙe shi ya rufa mani asiri ba, shi ya rufa, ya ɗauki fushinka har kabari. Ranar da ka rubuta takardar nan, da na kalle ka kaina na gani. Da wane baki zan tona ka?"

Ta ce in yafe mata. Na ce na yafe.

"Kada ka yi sauri. Ni na raine ka, na san muryarka."

Na fita na zagaya gona har rana ta yi ja. Na tuna goyon da ta yi mani, na tuna rigar da ke cikin akwati. Da na dawo na durƙusa na sake faɗa mata, wannan karon ta karɓa. Ta ce bayan ranta in faɗa wa kowa, a daina cewa yayanta ya fifita ɗan wani a kan nashi.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na ja taubashina muka shiga gona na gaya mashi duka, har da gaskiyar wasiƙar. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce wasiƙar ya daɗe da ganewa, sauran ne bai sani ba. Ya yi ta share ido da bakin riga.

"Taubashi, me zan yi maka?"

Me zai yi mani? Aji zai mayar da ni da furfura? Na ce ya kai ni Kurfi.

Muka shiga motarshi, karo na farko da na zauna a gaba. A maƙabarta na wuce gaba da ƙarfina, na yi gabas inda nake zato. Wurin ya cika, an yi sababbin layuka, itatuwan da na sani babu su. Na yi gaba na dawo, na sake yin gaba. Ban gane kabarin ubana ba.

Taubashina ya dafa kafaɗata ya ce, "Nan ne." Ya bi ta tsakanin kaburbura ba tare da ya duba ƙasa ba, ya tsaya gindin wata 'yar aduwa, inda aka jera duwatsu uku. Shi ya jera su. Ashe duk shekara kafin azumi nan yake fara tsayawa, sannan ya ƙaraso Wurma.

Na durƙusa na ɗaga hannu. Ina roƙon gafarar mahaifina, hawaye na zuba, amma can ƙasan zuciyata wani abu na cewa: ko wannan ma shi ya samu.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kamar yadda ta rufa mani asiri. Allah ya jiƙan yayanta, ya kai mashi abin da na kasa faɗa mashi yana da rai. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya cire mani abin nan kafin tawa ta zo.